Idan Firgici Ya Taso Maka Ba Zato

Zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe da gumi, ƙirji ya ɗaure. Irin wannan firgicin yakan tsananta cikin minti 10, sannan ya lafa da kansa.

Samu wuri ka zauna, ka ɗora hannu a kan cikinka. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 4, ka fitar ta baki sannu a hankali kana ƙirga 6. Fitarwar ta fi muhimmanci, domin haki da sauri yana rage iskar kabon (wadda muke fitarwa a numfashi) a jini, shi ke jawo jiri da mutuwar yatsu.

Kada ka ƙaurace wa wurin da abin ya same ka, gudu ƙara masa ƙarfi yake yi. Rage goro da kofi. Idan karon farko ne, ko ciwon ƙirjin ya gangaro hannu, garzaya asibiti a duba zuciyarka.