Shawara Kan Sayen Tsohuwar Na'urar Raba Sauti Huɗu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya gaji faya-fayan garmaho na shekarun 1970, yake kuma neman na'urar da za ta raba sautinsu zuwa lasifika huɗu a kan kuɗi mai sauƙi, ya fara duba kwalin faifan, domin a nan ake rubuta tsarinsa. Tsarin SQ na kamfanin CBS ne, QS kuma na Sansui, dukansu suna aiki da allurar da aka saba. CD-4 na JVC kuwa sai da allura ta musamman da na'urarsa daban, don haka mai ƙaramin ƙarfi ya haƙura da shi. A ganina, na'urar Sony SQD-2020 ta wadatar ga faya-fayan SQ.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Kayan da aka ƙera don kasuwar Japan volt 100 suke ɗauka, na Amurka 120, tamu wutar kuwa 230 ce, saboda haka a karanta rubutun da ke bayan na'urar kafin a jona ta da janareta ko sola, in ba haka ba nan take za ta ƙone. Mu da ke ƙauyukan Ringim, gara a kai ta wurin mai gyaran rediyo a kasuwar Sabon Gari, ya canza kafasitocin (ƙananan sassan da ke riƙe wuta a cikin na'ura) da suka bushe, ya kakkaɓe ƙurar da ta cushe maɓallan, sannan a saurari kowace lasifika ita kaɗai kafin a biya.