Yadda zaka haɗa babi na biyu (bitar binciken da wasu suka riga suka yi) na furojet ɗinka a fannin lafiya

Ɗan uwa kafin ka buɗe intanet fara matse tambayarka tukuna, "zazzaɓin cizon sauro" yayi faɗi da yawa wallahi, gara kace amfani da gidan sauro wajen mata masu juna biyu, kaga yanzu ka san me kake nema.

Daga nan sai PubMed, shafin neman takardun binciken lafiya, kyauta ne. Ka riƙa haɗa kalmomi da AND ko OR, ka duba kalmomin MeSH, wato tsayayyun sunayen da PubMed ke ware takardu da su, saboda cuta ɗaya tana da suna kala-kala, sannan ka leƙa Google Scholar da AJOL, shafin mujallun Afirka, don binciken da aka yi a Afirka. Takardar da taƙi buɗuwa tambayi ma'aikacin laburare ko makarantarku tana da Hinari, shirin da ke buɗe wa makarantu mujallun lafiya na kuɗi.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shine karanta taƙaitawa kawai su wuce. Don Allah shiga ciki ka ga mutum nawa aka bincika, ta wace hanya, a ina, ka rubuta a tebur, in sakamakon bincike biyu yayi karo ka faɗa da bakinka me kake ganin ya jawo. Kwafe ba naka bane, sufabaiza zai gane.

Zotero, manhajar adana madogara, zai jera maka su a tsarin Vancouver mai amfani da lambobi, saka shi tun ranar farko.