Yadda ake aiki da kakin haƙori a zafin Katsina

Haƙoran roba da ake sa wa mai wawulo, da hular ƙarfe da ake kifa wa turmin da ya rube, har da haƙorin Makka in na zubi ne, kusan duk da kaki ake fara siffanta su. Kakin ba ya zama a baki. Aikinsa ya riƙe siffa na ɗan lokaci, a narkar da shi ko a ƙone shi, roba ko ƙarfe su maye gurbinsa. Duk kuskuren da ya shiga kaki kuwa, haka zai fito a haƙorin da za a ba mutum. Dabarar zubi da kaki tsohuwa ce, da ita maƙeran Ife da Binin suka zuba tagullarsu, kuma William Taggart ne ya yaɗa ta a aikin haƙori a Amurka a 1907.

Matsalar ita ce yawancin kakin da ke shigowa ƙasar nan an haɗa shi ne don ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 20 da 25. A Katsina da Daura, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan haura digiri 40, ya fi na cikin bakin mutum wanda yake 37. Da asubahin hunturu kuma ya sauko ƙasa da 15. Kakin da ke lanƙwashewa da kansa a watan Afrilu shi ne mai tsagewa kamar ƙanƙara a Janairu.

Abin da ke cikinsa

Kakin haƙori haɗi ne. Ginshiƙinsa farafin, dangin abin da ake yin kyandir da shi, wanda ake samu daga man fetur, yana narkewa tsakanin digiri 40 da 70. Shi kaɗai ba ya sassaƙuwa da kyau, ɓarɓashi yake yi. Sai a ƙara masa kakin zuma, mai narkewa wajen 63 zuwa 70, don ya yi laushi da ɗan danƙo. A ƙara karnauba, kakin ganyen wani giginya na Barazil, mai tauri da sheƙi, wanda sai zafi ya haura 80 yake narkewa. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya hana haɗin saurin malala. Akwai kuma serisin, wani kakin ma'adini, da ƙaro iri-iri. Saboda haɗi ne, ba shi da digiri guda da za a ce nan yake narkewa. Yana fara sakin jiki tun da nisa kafin ya zama ruwa, kuma a wannan tsakanin ne ake yin aiki, a nan ne kuma aiki ke lalacewa.

Halaye uku ne ya kamata mai koyo ya haddace. Na farko, a duk kayan aikin haƙori babu mai kumbura da zafi ya tsuke da sanyi kamarsa: ƙarin digiri 20 na iya ƙara masa tsawo da kusan kashi 0.7 cikin ɗari. A kan hular turmi wannan ya isa ya hana ta zama. Na biyu, zafi ba ya ratsa shi da sauri, sai ka ga bayansa na ɗiga alhali cikinsa na nan da tauri. Na uku shi ne wanda ya fi cutar mutane: kaki ba ya mantuwa. In ka lanƙwasa shi bai gama laushi ba, zai tsaya yadda ka sa shi, amma da ya ji ɗumi ko ya daɗe sai ya fara neman komawa yadda yake. Mai shakka ya gwada. Ya jiƙa sandar kaki a ruwan ɗumi, ya tanƙwara ta kamar kofaton doki, ya tsoma a ruwan sanyi, sannan ya bar ta a kwanon ruwa a kan tebur. Washegari zai tarar bakin ya buɗe.

Jan kaki na falle

Wannan shi ne na kullum, falle-falle ja ko ruwan hoda, kaurin kowane wajen milimita 1.5. Da shi ake gina gindin haƙoran roba da ganuwar gwada cizo, wato tudun kakin da ake sa wa mutum ya ciza a ga yadda muƙamuƙansa ke haɗuwa, a kansa kuma ake jera haƙoran. Kashi uku ake yinsa: mai laushi, matsakaici, da mai tauri wanda aka yi musamman don ƙasashe masu zafi. A nan mai taurin ake saya. A duba jikin kwali, in an rubuta nau'i na 3 ko an ce na yanayin zafi ne, shi ke nan. Matsakaicin na iya yin aiki daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma da bazara haƙoran da aka jera da safe kafin la'asar sun karkace. Kyandir kuwa, duk da wasu kan yi dabara da shi in kaya sun yanke, ba ya riƙe haƙori, ba ya kuma sassaƙuwa.

Wajen laushi, a riƙa wuce fallen ta saman harshen fitilar sifirit ana juya shi, gaba da baya, har ya saki gaba ɗaya ya yi kamar fatar da ta sha jima. Kada a tsayar da shi wuri guda. In ya fara hayaƙi, sassan da ke ba shi laushi ne ke tashi, abin da ya rage zai yi gautsi. Ruwan ɗumi na digiri 50 zuwa 55 ya fi ratsa shi daidai, sai dai in ya daɗe a ciki yakan yi fari-fari ya riƙa marmashewa. A jiƙa samfurin filasta, wato siffar bakin mutum da aka zuba da filasta, da ruwa kafin a shimfiɗa, in ba haka ba kakin zai kama shi. A fara dannawa daga tsakiyar ganda zuwa gefe, da tafin yatsa, a hankali, domin matsi mai ƙarfi na sirantar da shi a kan tudun dasashi, daidai inda ake son ƙwari.

Ganuwar cizo ana naɗe falle ne mai laushi tamau kamar tabarma, ba a bar iska a ciki ba, a tanƙwara shi ya bi tudun dasashi, a liƙe gefensa da wuƙa mai zafi. Ma'aunin farawa: ta sama milimita 22 daga lungun leɓe zuwa bakinta a gaba, ta ƙasa 18. Faɗi 3 zuwa 5 a gaba, 8 zuwa 10 a wajen turame. Wannan mafari ne kawai, likita zai rage ko ya ƙara a bakin mai haƙori, inda yawanci ake son ta sama ta leƙo milimita 1 zuwa 2 ƙasa da leɓe in baki na hutawa. Kada ta wuce 'yan mintoci a baki. A ciro, a tsoma a ruwan sanyi, a mayar. In gindin ma na kaki ne zalla zai buɗe da ɗumin baki, shi ya sa gindin akirilik, robar da ake yin haƙoran roba da ita, ya fi aminci, a ɗora ganuwar a kansa.

Ajiya da aike

Nan ne aka fi yin asara. Aikin kaki ba ya zama shi kaɗai, kullum a kan samfurinsa ake ajiye shi. Ba a barin sa kusa da taga, ko gefen tukunyar tafasa, ko a aljihun babur. Daga Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne, kuma gaban mota da rana tsaka ya isa ya mayar da aikin kwana biyu curi guda. A naɗe shi da tsumma mai danshi, a sa a roba mai murfi, a sa robar a kula. In an ɗauke wuta firij ya daina sanyi, kwanon ruwan randa ya wadatar. Abin da aka ciro daga firij kuma a ba shi minti goma zuwa sha biyar ya daidaita da ɗaki kafin a taɓa shi da wuƙa, don kada ya tsage.

Duk abin da ya shiga baki a ɗauraye shi da ruwan famfo mai sanyi, a fesa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta irin na kulorin, a bar shi minti goma. Ba a tafasa shi, kuma kakin da ya fito daga bakin wani ba a sake narkar da shi a yi wa wani aiki.

Wanke kaki daga filas

Bayan an binne haƙoran cikin filasta a akwatin ƙarfen nan da ake ce wa filas, sai a tsoma shi a tafasasshen ruwa minti 4 zuwa 5. Manufar kakin ya yi laushi a ɗago shi dunƙule, ba ya narke ba. In aka mance shi minti goma sha biyar, kakin zai zama ruwa ya shige ramukan filasta, ruwan rabawa da za a shafa don raba filasta da akirilik ya ƙi kamawa, akirilik ya manne da filasta, a yi ta kankara. Bayan an buɗe, a kwarara tafasasshen ruwa mai ɗan sabulun wanki, a bi da wani tsabtataccen tafasasshe, ba wanda aka dafa filas ɗin a ciki ba, don shi kakin na yawo a samansa. A duba gindin kowane haƙori. Ɗan maiƙon da ido ba ya gani sosai shi ke sa haƙori ya fita daga roba bayan wata biyu, mutum na cikin cin tsire. Ruwan rabawar ma kada ya taɓa gindin haƙoran, illarsu ɗaya.

Na liƙi, na shinge, na igiya

Kakin liƙi rawaya ne, haɗin kakin zuma da ƙaro. In ya narke yana kama abu gam, in ya huce ya yi gautsi. Gautsin nan shi ne amfaninsa: in haƙoran roba sun karye biyu aka haɗa su da shi, da sun motsa zai tsage ka gani, ba zai lanƙwashe ya ɓoye maka ba. A busar da ɓangarorin sarai, domin ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, a gicciya tsinken ashana biyu a liƙe su, sannan a zuba filasta.

Na shinge dogayen falle ne da ake kewaye awon baki, wato siffar bakin da likita ya ɗauko, da su kafin a zuba filasta. A fara liƙa siririn kaki milimita 3 zuwa 4 ƙasa da gefen awon, sannan a tayar da katanga ta ɗara wuri mafi tsawo da milimita 10 zuwa 15. A zuba ruwa a gani ko yana yoyo. Ba ya kama aljinet, wani kwaɓin ɗaukar awon baki, kada a ɓata lokaci. Na igiya kuwa mai laushi ne ko ba wuta, ana ƙara tsawon cokalin ɗaukar awon baki da shi ko a rufe kaifinsa. Ɗan'uwansa ne ake ba masu wayar gyaran haƙori su manna inda ƙarfe ke gurzar kumatu; a gaya musu su share wurin ya bushe tukuna.

Shuɗin kaki na zubin ƙarfe

Wannan ne mai buƙatar natsuwa. Shuɗi ko kore ake yinsa don gefensa ya fito sarai a kan samfurin. An haɗa shi yadda a zafin baki da ƙyar yake motsi, bai wuce kashi 1 cikin ɗari ba, amma a digiri 45 ya saki kashi 70 zuwa 90. Tazarar digiri takwas ce kacal, kuma ɗakin da ba fanka a watan Afrilu yana cikinta. Saboda haka sassaƙar hula da bazara aikin safe ne.

A shafa wa samfurin haƙorin man rabawa siriri. Shimfiɗar farko a yi ta da narkakken kaki a lokaci guda, ko a tsoma samfurin a ciki, don cikin hular ya kwafi siffa ba gaɓa. Daga nan a riƙa ƙarawa ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo da zafin da zai narke da na ƙasansa. In ba su haɗe ba za a ga layi-layi, nan ne zai buɗe. A bar shi ya huce kafin a sassaƙa, da wuƙa mai kaifi, domin dakusasshiya jan kaki take yi. A ƙarshe a sake narkar da milimita ɗaya na gefen gaba ɗaya, a danna da yatsa har ya huce, a gyara. A ɗago shi miƙe, ba a murɗawa.

Sandar da za ta bar ramin da narkakken ƙarfe zai bi, mai kaurin milimita 2.5 ga turmi, a dasa ta a wuri mafi kauri, a karkace wajen digiri 45, a bar tazarar milimita 6 tsakanin siffar da ƙarshen zoben da za a binne ta a ciki don iska ta sami mafita. Kaki ba ya shiri da ruwa, don haka a shafa masa ruwan kashe kumfa kaɗan a bar shi ya bushe. Kowace kumfa da ta maƙale za ta fito ƙurji a jikin ƙarfe, in a ciki ne hular ba za ta zauna ba. A binne shi nan take cikin kwaɓin garin binnewa mai jure wuta, kada ya wuce rabin awa da barin samfurinsa.

Bayan awa guda da binnewa sai tanda. A kifa zoben ramin na kallon ƙasa don kakin ya zubo, a ɗaga zafi sannu a hankali, domin gaggawa na sa kakin ya kumbura ya fasa abin da aka binne shi ciki, ƙarfe ya fito da fiffike. Kaki mai kyau ba ya barin saura fiye da kashi 0.1 cikin ɗari a digiri 500. Garin binnewa mai filasta, na zinariya, ba a wuce 700 da shi. Mai fosfet, na nikel da kuromiyam, yakan kai 850 zuwa 900 gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. Zinariya na tsukewa wajen kashi 1.5 cikin ɗari in ta huce, nikel ya haura 2, kuma kumburin garin binnewa ne ke cike wannan giɓin, shi ya sa ake auna ruwa da gari da ma'auni, ba da ido ba. In aka leƙa ramin aka ga baƙi-baƙi, gawayin kaki bai gama ƙonewa ba. A ƙara masa minti 20 zuwa 30 har ramin ya yi fari, in ba haka ba gefen hular zai fito a dunƙule, bai cika ba.