Yadda ake sauka a ƙaramin tsibiri daga jirgin ruwan yawon buɗe ido, a dawo jirgi bai tashi ba

Babban jirgin ruwa na yawon buɗe ido gari ne guda mai tafiya a kan teku. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata. Tsibirin Santorini na ƙasar Girka kuwa, mazaunansa duka ba su wuce 15,000 da 'yan kai ba. Ka ƙiyasta ranar da jirage uku ko huɗu, ko da masu matsakaicin girma ne, suka juye mutanensu a irin wannan wuri: titi ƙanƙani, tasi 'yan kaɗan, kowa kuma awa shida zuwa takwas kawai gare shi. Wanda ke morar irin wannan rana shi ne wanda ya tsara ta daga ƙarshe. Ya fara sanin ƙarfe nawa zai koma jirgi, sannan ya lissafa abin da zai shiga tsakani.

Tun kana gida

Ka ɗauki jerin tashoshin da jirgin zai tsaya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana tambayar ko fasfonka na buƙatar biza a can. Kada sunan ƙasa ya ruɗe ka. Martinik da Gwadalup yankunan Faransa ne, amma ba sa cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka bizar da ta shigar da kai Faris ba lallai ta sauke ka a can ba. Kamfanonin jirage kan ɗora wannan nauyi a wuyan fasinja, kuma suna iya hana ka shiga jirgin tun ranar farko idan takardunka ba su cika ba. Ka yi inshorar tafiya wadda ta haɗa da ɗaukar marar lafiya ta jirgin sama, domin asibitin ƙaramin tsibiri ba komai yake iya yi ba.

Abu na biyu, wanda sababbin matafiya ba su cika tambaya ba: jirgin zai jingina da gaɓa ne, ko zai jefa anga a nesa? Bambancin babba ne. Idan ya jingina, tsani za ka sauko ka taka ƙasa, ka koma duk sanda ka ga dama. Idan kuwa ruwan tashar ba shi da zurfi, ko babu matsayar da za ta ɗauke shi, jirgin zai tsaya a cikin teku a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage. Sau da yawa jiragen ceton da ke rataye a gefensa ake saukewa don wannan aiki, kowanne ya ɗauki mutum ɗari zuwa ɗari da hamsin. Raba fasinja 3,000 da wannan adadi, za ka ga inda safiyarka za ta tafi. Haka ake yi a Santorini, haka ake yi a Jojtawun na tsibirin Kayman. A Kayman ɗin ma an yi ƙuri'ar raba gardama a 2025 kan gina matsayar manyan jirage, jama'a suka ce ba sa so.

Tashar anga tana da wani hali kuma: iska na iya soke ta. Idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi, kyaftin zai ce ba a sauka, magana ta ƙare. Saboda haka duk yawon da za ka biya kuɗinsa tun kafin zuwa, ka tabbatar akwai sharaɗin mayar maka da kuɗi idan jirgi bai tsaya ba. Mai keken guragu ko mai ciwon gwiwa ya tambayi kamfanin tun da wuri, domin shiga ƙaramin jirgin da ke rawa a kan ruwa ba kowa ake bari ba.

Daren da za a iso

Kowane dare ana kawo takardar shirin gobe ɗaki, ko a sa ta a manhajar jirgin. Abu uku za ka nema a ciki: lokacin da ake so kowa ya kasance cikin jirgi, lokacin ƙaramin jirgi na ƙarshe idan tashar anga ce, da suna da lambar wayar wakilin jirgin a tsibirin. Ka ɗauki hotonsu, ka kuma rubuta a takarda ka sa aljihu, don waya kan mutu daidai lokacin da ake nemanta. Lokacin tashin jirgi ba naka ba ne, na kyaftin ne. Naka shi ne na komawa, wanda yawanci rabin awa ne kafin tashi, a tashar anga kuma yakan fi haka.

A nan ne zan ɗan daɗe, domin a nan aka fi yin asara: agogon jirgi da agogon tsibiri ba kullum suke daidai ba. Ɗauki jirgin da ya taso daga Mayami ta Amurka zuwa Kayman a watan Yuli. Amurka tana tura agogonta gaba da awa ɗaya daga Maris zuwa Nuwamba, Kayman ba ta yi. Wasu jiragen suna canja agogonsu zuwa na tashar da suka iso, wasu suna riƙe da na gida. Idan naka ya riƙe na gida, kana sauka wayarka za ta kama layin tsibirin ta gyara kanta shiru. Kana zaune bakin ruwa tana nuna maka ƙarfe 3:00, alhali a jirgi 4:00 ta yi, ana naɗe tsani. Maganin mai sauƙi ne. Ka ɗaura agogon hannu na gargajiya, ka saita shi da agogon jirgi, ka kuma tambayi ma'aikacin da ke bakin ƙofa kafin ka fita. Duk wanda ka yi alkawarin lokaci da shi a tsibirin, direba ko ɗan jagora, ku yi magana a fili: ƙarfe biyun wa, na jirgi ko na gari?

A daren ne kuma za ka yanke shawarar abin da za ka gani. Shawarata abu ɗaya, in ya yi yawa biyu. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Idan wurin yana da nisa, ya kai awa ɗaya a mota ko sai an sake shiga wani jirgin, ka sayi yawon da kamfanin jirgin ya shirya duk da tsadarsa. Abin da kake saye ba motar ba ce, tabbacin cewa idan ta makara za a jira ku ne, ko a ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Idan kuwa garin yana bakin tashar ne, ƙafarka ta ishe ka, ka riƙe kuɗinka.

Da safe

A tashar anga, masu yawon kamfani ake fara saukewa. Sauran sukan karɓi tikiti mai lamba su jira a kira su. Ko ka yi sammako ka karɓi lambar farko, ko ka zauna ka karya kumallo a natse har a sanar cewa an daina amfani da tikiti. Tsakiyar ce wahala, a tsaye a matakala cikin cunkoso.

Jakarka ta zama ƙarama: katin jirgi, wanda shi ne mabuɗin ɗakinka kuma shi ake dubawa a na'ura sanda ka fita da sanda ka dawo, katin shaida mai hoto, ruwan sha, hula, maganin da kake sha kullum, na kwana biyu ba na yini ɗaya ba, katin banki ɗaya da 'yan kuɗi ƙanana. Fasfo kuwa, ka bi abin da jirgin ya sanar. In hukumar tsibirin ta ce a fito da shi, ka fito da shi. In ba ta ce ba, ka bar shi a akwatin ajiya na ɗaki, ka ɗauki kwafinsa.

Kada ka ɗebo 'ya'yan itace ko nama daga ɗakin cin abinci da sunan guzuri. Tsibirai suna tsoron ƙwari da cututtukan shuka ƙwarai, domin ƙwaro ɗaya na iya cinye amfanin gonar da ba su da madadinsa. A Niyu Zilan, tuffa ɗaya da ba ka bayyana ba tana jawo tarar dalar ƙasar 400 nan take. Tufafi ma akwai abin lura: a Babados, Jamaika, Sent Lusiya da wasu tsibiran Karebiyan, haramun ne farar hula ya sa yadi mai zanen kakin soja, har yara. Man kare fata daga rana shi ma ya shiga doka. Hawai ta hana sayar da mai ɗauke da sinadaran oksibenzon da oktinokset tun 2021 saboda suna cutar da murjani, Palau ta riga ta da shekara ɗaya.

Wajen shiga ƙaramin jirgin, ka rataya jaka a baya, hannuwanka biyu su zama sake, ka miƙa hannu ga ma'aikacin ko da kana jin ƙarfinka. Shi ya san lokacin da ruwa zai ɗaga ƙofar daidai ƙafarka. Mai saurin jiri ya zauna inda iska ke shigowa, ya kafa ido a nesa inda sama ta haɗu da teku.

Ka taka ƙasa

Kafin komai, juya ka dubi inda aka sauke ka. Ka ɗauki hoton wurin da tutar kamfaninku, don idan jirage da yawa sun zo kowanne da layinsa, wani lokaci ma da matsayarsa daban.

Shagunan da ke bakin tasha kusan iri ɗaya ne a ko'ina: zobba, agogo, turare, riguna masu sunan tsibirin da aka ɗinka a wata nahiyar. Ka ratsa su ka wuce. Tafiyar minti goma zuwa ciki takan kai ka inda mutanen garin suke saye da sayarwa, kuma kuɗin da ka kashe a can a tsibirin yake kwana.

Tasi, ka shiga mai lasisi, ku gama ciniki kafin ka zauna. Tambaya uku ce: kuɗin na mutum ɗaya ne ko na mota, zuwa ne kawai ko zuwa da dawowa, sannan wace dala? Wannan ta ƙarshen ba wasa ba ce. Dalar Amurka ɗaya daidai take da dalar Gabashin Karebiyan 2.70, farashin da aka tsayar tun 1976. Dalar Kayman kuwa ta fi ta Amurka, ɗaya tana kai 1.20. Ta Bamuda da ta Bahamas kunnen doki suke da ita. Idan direba zai dawo ya ɗauke ka, kada ka biya kuɗin dawowa sai ya dawo.

Hayar babur tana da daɗin gani a hoto, ni dai ba na ba baƙon yini ɗaya shawararta. A Bamuda, inda ba a ba baƙi hayar mota ta yau da kullum sai babur ko 'yar ƙaramar mota mai lantarki, ta hagu ake tuƙi, titunan kuma ƙunci da kwana. Motar bas da jirgin fito sun isa.

Ka tuna gidan mutane ka shigo. Kayan wanka na bakin ruwa ne, ba na kasuwa ko wurin ibada ba. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum, ballantana yaro. Idan ranar Lahadi kuka iso, kada ka yi mamakin ganin gari a rufe. A Tonga kiyaye Lahadi yana cikin tsarin mulki. Tsibirai da dama sun fara gajiya da yawan baƙi. Bora Bora ta taƙaita fasinjojin jirage zuwa 1,200 a rana, Girka kuma ta sa harajin yuro 20 kan kowane fasinja mai sauka a Santorini da Mikonos a tsakiyar lokacin zafi, daga 2025. Wajen tsaraba, ka kauce wa murjani, ƙoƙon kunkurun teku da manyan ƙwaryar dodon koɗi. Yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta taƙaita ko ta hana cinikinsu, kwastan na iya ƙwacewa.

Komawa

Yanzu lissafin da ka yi jiya zai yi aiki. Ka sa a ranka za ka kasance bakin tasha awa ɗaya kafin lokacin ƙarshe, a tashar anga awa ɗaya da rabi. Ka dubi inda hanya ta tsuke tsakaninka da jirgin, a can za a taru. A Santorini garin Fira yana saman dutse, tsohuwar tashar tana ƙasa, hanyar sauka kuwa ko 'yan taragun da ke bin igiyar ƙarfe, ko matakala kusan 600 da ake rabawa da jakuna. Da yamma kowa taragun yake so lokaci guda, layi sai ya miƙe cikin gari. Wanda ya sauko da wuri yana kan bene da shayinsa, yana kallon masu gudu.

Idan ka ga za ka makara, ka kira wakilin jirgin tun kana hanya, kada ka bari sai ka iso. Jirgin ya riga ya san ba ka dawo ba, tunda katinka bai shiga na'ura ba, kuma kyaftin kan iya ƙara 'yan mintoci ga wanda aka san inda yake, in ruwa da jadawali sun ba shi dama. Ba dole ba ne a kansa.

In kuwa ka iso ka tarar da bayan jirgi, ka tsaya a tashar, kada ka koma gari. Wakilin za ka nema. Sau da yawa ma'aikata kan buɗe akwatin ɗakinka su ba shi fasfonka kafin su tashi. Shi zai taimake ka da masauki, da hukumar shige da fice, da hanyar isa tasha ta gaba, amma kuɗin daga aljihunka ne, kuma ƙaramin tsibiri ba kullum jirgin sama ke tashi daga cikinsa ba. Wannan ne dalilin katin bankin nan da maganin kwana biyu da ka sa a jaka da safe.