Shiga Solstheim irin ta fatake: yadda nake bi da tsibirin toka a Skyrim

Ranar da na fara sauka a Solstheim cikin watan Janairu ne, hazo ya rufe Garwa har ba ka iya hango ƙetaren Binuwai sosai daga kan gada. Na kalli kwamfuta, na leƙa taga, sai na ga duk ɗaya: sama ta yi fari fat, rana kamar faifai, ƙura ko'ina. Ƙanena da ke zaune kusa da ni ya ce, "Yaya, ai garinmu suka saka a wasa." Ba a yi minti ashirin ba wasu halittu uku suka ɓullo daga cikin toka suka babbake ni. Na sake tashi, suka sake. A karo na uku na rufe kwamfutar na fita shan shayi.

Ga wanda bai san wurin ba, Solstheim tsibiri ne a cikin The Elder Scrolls V: Skyrim, wasan da kamfanin Bethesda ya fitar a 2011. Tsibirin ya zo ne da ƙarin da ake kira Dragonborn, wanda ya fito a Xbox 360 a ƙarshen 2012, ya iso kwamfuta a Fabrairun 2013. In kana da Legendary Edition ta 2013 ko Special Edition ta 2016, yana ciki. Ni ta 2013 nake bugawa, don ita tsohuwar kwamfutata ke iya ɗauka. Rabin tsibirin na kudu hamada ce ta toka, saboda dutse mai aman wuta na Red Mountain da ke can ƙetaren teku, wanda kana tsaye a gaɓa kana hango hayaƙinsa. Rabin arewa kuwa ƙanƙara ce da duwatsu.

Kuskurena na farko shi ne na shiga da ƙirjin jarumi. Kakanmu farke ne, goro ya yi ta kawowa arewa tun kafin a haifi babanmu, kuma abin da muka taso muna ji game da tafiyarsu shi ne ba a barin gida sai da guzuri, ba a wuce zango sai an san mai masauki, ba a ratsa daji sai da ɗan rakiya. Da na koma tsibirin da wannan tsari, sai ya zame mini wurin da na fi so a wasan gaba ɗaya.

Fara da guzuri tun kana babban yankin Skyrim. A ganina kar ka taka jirgi kafin ka kai mataki na 25 ko 30. Wasan ba zai hana ka ba, hasali ma shi zai ja ka: da zarar ka hau dutse ka gana da dattawan Greybeards, wasu mutane masu rufaffiyar fuska za su tare ka su nemi kashe ka, kuma a jikin ɗayansu za ka sami takarda mai nuna daga Solstheim aka turo su. Ka ajiye takardar ka ci gaba da harkarka, ba inda tsibirin zai je. Abin da za ka tara kafin tafiya: kwalaben maganin warkarwa kamar ashirin, duk wani zobe ko garkuwa ko takalmi mai kare wuta, ƙarafunan buɗe kwaɗo da yawa, da kuɗi aƙalla 2,000. In ɗan wasanka daga ƙabilar Dunmer yake, ka yi sa'a, rabin zafin wuta kawai yake ji. In kuma kai mai tsafin wuta ne, nemi wani makami na daban, don wuta ba ta cin halittun toka yadda ya kamata. Sannan ka zubar da tarkace a gida, ka tafi jaka ba nauyi. Ba doki ake haurawa da shi ba, duk abin da ka tsinta a bayanka zai hau.

Jirgin yana tashar ruwa ta Windhelm, sunansa Northern Maiden, matuƙinsa Gjalund. Kuɗin haye 250 ne, amma in waɗancan masu rufe fuska sun riga sun tsorata shi zai ce ba ya komawa, sai ka lallashe shi, ko ka yi masa barazana, ko ka biya 500. Ni biya na yi, bakina a wasan bai iya ciniki ba. Sau ɗaya ne wahalar, bayan haka kana iya tsallakawa ta taswira.

Raven Rock shi ne zangonka. Gari ne na Dunmer a kudu maso yamma, da wata doguwar ganuwa da ke tare masa toka, kuma kasuwarsa ta mutu tun da ramin ma'adininsu ya ƙafe. Kar ka yi gaggawar fita. Zagaya ka gaisa da kowa, kamar baƙon da ya sauka a sabuwar unguwa. Shiga masaukin Retching Netch, wanda ke ƙarƙashin ƙasa, a nan za ka tarar da Teldryn Sero zaune da sulkensa. Kuɗin hayarsa 500 ne, kuma ban taɓa kashe kuɗi a wasan nan da na more kamar su ba. Yana sara da takobi, yana jifa da tsafi, yana kiran aljanin wuta ya taya shi faɗa, ga surutu a hanya mai rage kewa. Daga nan ka je wurin maƙeri Glover Mallory. Zai aike ka karɓo masa wata tsohuwar diga daga hannun tsoho Crescius, in ka kawo sai ya ce ka riƙe. Kar ka sayar da ita, kar ka jefa ta a akwati ka manta. Da irinta kaɗai ake fasa stalhrim, wata ƙanƙara mai tauri da ba ta narkewa, wadda ake ƙera makamai da sulke da ita.

Akwai kuma ɗan kasuwa Fethis Alor, wanda ke sayen wasu sarƙoƙin wuya na kamfanin East Empire a kan 500 kowace ɗaya. Suna cikin ƙananan akwatunan ƙarfe masu taurin kwaɗo da ke warwatse a tsibirin, a kangaye da fasassun jirage da sansanonin 'yan fashi. Dalilin tara ƙarafunan buɗe kwaɗo ke nan. Na fi karya goma a kan akwati ɗaya, amma sarƙa biyu sun mayar mini da kuɗin jirgi da na Teldryn.

Wani abu da ba wanda ya faɗa mini: kwana a tsibirin nan kafin ka warware matsalar Miraak, babban mugun labarin tsibirin wanda masu rufe fuskar nan ke yi wa aiki, yana da haɗari. Na kama ɗaki, na kwanta, na farka na ga kaina a bakin wani dogon dutse ina ta bugun guduma tare da mutanen gari, suna ta maimaita wasu kalmomi kamar waɗanda aka yi wa asiri. Ƙanena ya yi dariya har da riƙe ciki. Ba a mutuwa, kana iya ajiye gudumar ka kama gabanka, sai dai ka tsinci kanka inda ba ka shirya ba. Irin waɗannan duwatsu shida ne a tsibirin.

Fitarka ta farko ta zama gajeriya. Bi ta bayan ganuwa zuwa kangon gonar Attius, inda za ka tarar da Kyaftin Veleth yana fama da 'ya'yan toka, waɗanda suka babbake ni ranar farko. Dabararsu ita ce jifa da wuta daga nesa, in ka matso kuma su sare ka da makami mai ci da wuta. Kar ka tsaya a fili tsakaninsu. Nemi bango ko dutse ka raɓe, ka bar Veleth da Teldryn su ɗauke musu hankali, kai kuma ka riƙa cin su ɗaya bayan ɗaya ta gefe. In sun mutu sukan zube su zama tulin toka, kuma ka tona kowane tuli, don akan sami ma'adinai da duwatsu masu daraja. Wannan aikin zai kai ka tsohon sansanin Frostmoth wurin Janar Falx Carius, mutumin da ya mutu tuntuni aka tashe shi da wani jan dutse a ƙirji. Gudumarsa na iya kwantar da kai da bugu biyu. Ajiye wasanka a bakin ƙofa.

Maganar ajiyewa, a nan Garwa ba sai an koya wa mutum ba. F5, maɓallin ajiye wasa nan take, ita ce abokiyata. Batirin kwamfutata ya mutu tun bara, in aka ɗauke wuta sai ta mutu nan take, kuma sau ɗaya na yi asarar tafiyar awa biyu a cikin rami. Ga zafin Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, har sai na ɗora ta a kan tubali biyu don iska ta ratsa ƙasanta. Yanzu duk ƙofar da zan buɗe sai na danna F5, kuma duk rabin awa ina yin cikakkiyar ajiya daban, don in ɗaya ta lalace in sami ta komawa.

Bayan Frostmoth, koma wurin tsoho Crescius ka karɓi aikin ramin ma'adinai. Wannan ne wurin da na fi jin daɗi a kudu. Za ka gangara har ka iske gawar mahaifin kakansa da wani jan takobi, Bloodskal Blade, wanda ke harba jan haske in ka kai sara mai ƙarfi. Ƙofar da ke gabanka ba ta da makulli, takobin ne makullinta. Dubi jajayen layukan da ke jikin ƙofar: wanda ke kwance, ka matsa gefe kana sara don hasken ya fita a kwance, wanda ke tsaye kuma ka sara daga sama zuwa ƙasa. Na yi kusan rabin awa ina sarar iska kafin na gane. A ciki akwai Zahkriisos mai jifa da tsawa, sai kuma Baƙin Littafi na farko da yawancin mutane ke samu. Bakwai ne a tsibirin, kowanne in ka buɗe zai haɗiye ka zuwa Apocrypha, duniyar littattafai da baƙin ruwa mai dafi. Kar ka taka ruwan. In ka gama waɗannan ayyuka biyu, ramin zai farfaɗo, sai kuma a ba ka aikin tona asirin masu shirin kashe shugaban garin, ladansa gidan Severin, da maƙera da wurin haɗa magani da akwatunan ajiya. Daga ranar ka daina zama baƙo.

Kan hanyar gabas za ka ga netch, wasu manyan dabbobi masu shawagi a iska kamar an kife ƙwarya an rataya mata igiyoyi. Ba ruwansu da kai in ba ka taɓa su ba. Na harbi ƙaramin don in gwada baka, iyayen suka nuna mini gaba da gabanta. Ƙananan farin toka masu tsalle kuwa ba abin damuwa ba ne.

A Kolbjorn za ka tarar da Ralis Sedarys yana neman mai zuba jari a haƙar kabari. Zai karɓi 1,000, sannan 2,000, sannan 3,000, sannan 5,000, jimla 11,000, kuma kowane karo ɗan aike zai kawo maka wasiƙa cewa matattu sun tashi sun kashe ma'aikata. Duk wanda ya taɓa ba magini kuɗi kashi-kashi ya san wannan labari. Shawarata ka biya na farko da wuri, tunda ana ɗaukar kwanaki kafin wasiƙa ta zo, ka tafi sauran harkokinka. Duk shigar da ka yi ka bincika sabon wurin da aka tone, don kayan Ahzidal, tsohon bokan da aka binne a kabarin, a nan suke, ciki har da takalmin tafiya a kan ruwa, wanda ke sauƙaƙa zagaya gaɓar tsibirin ƙwarai. Shi kansa Ahzidal a ƙarshe da wuta yake faɗa, nan kayan kare wutarka za su biya kuɗinsu.

Can kudu maso gabas akwai Tel Mithryn, gidan boka Neloth, wanda ba gini ba ne, laimar kwaɗi ce ƙatuwa da ta kai tsawon hasumiya, kuma iska ce ke ɗaga ka zuwa sama maimakon matakala. Neloth ba shi da ladabi ko kaɗan, amma ayyukansa na da riba. In ya ce ka nemo masa sabon mai kula da gida, Drovas da ke aiki a masaukin Raven Rock zai amsa da gudu. Abin da bai faɗa maka ba shi ne ana bin sa bashi, kuma mai bashin, Mogrul, zai ɗora maka 1,000 ɗin, in ka ƙi ya riƙa turo maka 'yan daba a hanya. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, amma wannan hanjin wani ne aka cusa mini. Na biya don in huta.

Arewa ba zan daɗe a kanta ba, don kusan Skyrim ce da ka riga ka sani. Akwai ƙauyen Skaal, akwai riekling, 'yan gajeru masu shuɗin jiki da ke jifa da mashi suna hawan gadu, ɗaya abin dariya ne, goma kuwa ajali. Haikalin Miraak na tsakiyar tsibirin, a can za ka haɗu da Frea, wata jaruma 'yar ƙauyen Skaal, daga nan babban labarin ya miƙe. A mataki na 36 aikin neman dukiyar ɗan fashin teku Deathbrand yake buɗewa, sulkensa na stalhrim ne. Karstaag kuwa, fatalwar ƙaton da ke mataki na 90, ƙanena ya matsa sai na kira shi. Na ajiye wasa, na ɗora ƙoƙon kansa a kan karagarsa, ya tashi ya maka ni da bango kafin Teldryn ya zare takobi. Na danna F9 na koma inda na ajiye, ƙoƙon kan yana nan cikin akwati a gidan Severin har yau.