Babi na Bakwai: Rubuta Tsuntsayen da Muke Gani a Lokacin Bazara

Darasi na 1: Shirya littafi

Iyayena da 'yan'uwana ɗalibai, a wannan babi za mu yi amfani da karatu da rubutun da muka koya wajen rubuta tsuntsaye da ƙananan dabbobin da muke gani a cikin birnin Kano a lokacin bazara, wato daga watan Maris zuwa watan Mayu, lokacin da hunturu ya wuce, zafi ya tsananta, ana jiran saukar damina. Kowannenku ya san shamuwa da hankaka da balbela tun kafin ya san harafin A, saboda haka abin da ya rage kawai shi ne a sa wannan sanin a takarda.

Ka samo littafin rubutu mai layi, da fensir, da rula. Ka buɗe shafin farko, wato wanda yake hannun damanka idan ka ɗaga bangon littafin, domin rubutun boko daga hagu yake farawa ya nufi dama, ba kamar ajami da wasunku suka saba da shi ba. Ka ɗora rula a tsaye, ka ja layi uku daga saman shafi zuwa ƙasa, sai ka ga shafin ya rabu gida huɗu. A saman gida na farko ka rubuta Kwanan wata, a na biyu Wuri, a na uku Suna, a na huɗu Adadi. Adadi yana nufin yawan abin da ka ƙirga. Wanda ba shi da rula ya yi amfani da gefen kwali, kuma kada wani ya damu idan layinsa ya karkace.

Darasi na 2: Kwanan wata

Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne ba ɗalibai wahala, saboda haka za mu daɗe a kansa. Kafin ka rubuta sunan kowane tsuntsu, ka fara rubuta kwanan wata a gida na farko. Na ce kafin, ban ce bayan ba, domin na lura cewa duk wanda ya ce bari ya rubuta sunan tukuna ya dawo kan kwanan wata, ba ya dawowa.

Ga yadda ake yi. Lamba ta farko ita ce rana, ta biyu ita ce wata, kuma ana raba su da ɗan layi a karkace. Maris shi ne wata na 3, Afrilu na 4, Mayu na 5. Idan yau 14 ga Afrilu, za ka rubuta 14/4. Idan yau 2 ga Mayu, za ka rubuta 2/5. Ka lura sosai da wannan misali na biyu, domin idan ka juya shi ka rubuta 5/2, ka koma 5 ga Fabrairu, lokacin da ake cikin sanyi da hazo. Rana ce a gaba, wata yana biye da ita. Shekara kuwa ka rubuta ta sau ɗaya a can saman shafi, ta wadatar.

Wanda bai san kwanan watan yau ba ya duba fuskar wayarsa, ko kalandar da ke rataye a shago, ko ya saurari rediyo da safe, ko ya tambayi yaron gida da ke zuwa makaranta. Babu kunya a tambayar yaro. Wasu suna tambayata ko za su iya rubuta kwanan watan Musulunci, tunda shi suka fi riƙewa. Za ka iya ƙara shi a gefe, amma na boko shi ne za mu dogara da shi a nan, saboda shekarar Hijira tana gaza ta boko da kwana 10 ko 11, watanninta suna zagaya rani da damina, alhali watan Afrilu kullum a bazara yake faɗowa.

Dalilin wannan nacin shi ne shamuwa. Kun san ta: baƙa ce, cikinta fari, ƙafafunta dogaye, kuma tana yin sheƙarta da ƙirare a kan manyan bishiyoyi kusa da mutane. Tana shafe watannin raninmu a kudancin Afirka, sannan ta dawo ƙasar Hausa gab da damina ta yi ƙwai, ta ci fara da tsutsotsi, shi ya sa manomi yake fara gyaran gona idan ya gan ta. Idan ka rubuta ranar da ka fara ganin shamuwa, sannan ka rubuta ranar da aka yi ruwan farko a unguwarku, za ka iya ƙirga kwanakin da ke tsakani, kuma baɗi ka sake rubutawa ka gwada da na bana. Idan babu kwanan wata, babu abin da za ka gwada.

A wani aji da na koyar a cikin gari, wani dattijo mai sayar da goro a Kasuwar Kurmi ya kawo mini littafinsa yana murna, ya rubuta shamuwa da kyakkyawan hannu, ya rubuta 11 a gidan adadi, amma gida na farko fayau. Na ce, “Baba, yaushe kuka gan su?” Ya yi shiru yana shafa gemu, sannan ya ce, “Malam, ai ranar da aka ɗaura auren 'yar maƙwabcina ce.” Muka yi ta lissafi da sauran 'yan aji har aka kira sallar Magariba ba mu tsayar da ko wace Asabar ce ba. Rubutunsa ya fi na kowa kyau a ajin, amma aikin wannan rana bai amfane shi ba.

Yanzu ka ɗauki fensir ka rubuta kwanan watan yau a gida na farko. Ka duba: rana ce a gaba? Madalla. Ka sake rubuta shi a layi na biyu, sannan ka rubuta na gobe a layi na uku. Idan hannunka yana rawa, ba kome, na kowa ya yi rawa a farko, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Darasi na 3: Wuri da suna

Bayan ka rubuta kwanan wata, kuma sai bayan ka rubuta shi, ka matsa gida na biyu ka rubuta inda kake tsaye. Ka rubuta sunan wurin a taƙaice, kamar Dutsen Dala, ko Goron Dutse, ko Ƙofar Mata, ko bakin Jakara, ko tsakar gida. Uwargidan da ba ta fita ta sani cewa tsakar gida wuri ne cikakke, musamman idan ta ajiye ruwa a kasko a gindin darbejiya, domin a zafin Afrilu ƙishirwa tana kawo tsuntsaye har bakin murhu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba zuwa hantsi, da kuma bayan La'asar, saboda da tsakar rana tsuntsaye suna laɓewa a inuwa kamar yadda mu ma muke yi.

A gida na uku ka rubuta sunan abin da ka gani. Hankaka baƙi ne mai farin ƙirji da farin wuya. Shirwa tana shawagi a sama, bindinta a ɗan tsage, kuma ta fi yawa kusa da kwata da wuraren zubar da shara. Balbela fara ce tas, tana bin shanu da rana, da yamma kuma ta koma bishiyar kwananta cikin ayari. Hasbiya tana da jan zobe kewaye da ido da ɗigo-ɗigon fari a fiffike, ta fi kurciya girma. Baiwar Allah ita ce 'yar mitsitsiyar nan da ke tsintar gero a tsakar gida, namijin ja, macen kuma launinta ya fi kusa da na ƙasa. Zalɓe yana tsayawa shiru a bakin kududdufi yana jiran kifi ko kwaɗo. Idan ka ga ungulu, lallai ka rubuta, domin dattawanmu sun san lokacin da take cika kasuwa da mahauta, yanzu kuwa ta yi ƙaranci ƙwarai.

Ku kula da haruffa masu lanƙwasa. Zalɓe da ɓ ake rubuta shi, kwaɗo da ɗ, ƙadangare da ƙ. Idan ka ga tsuntsun da ba ka san sunansa ba, ka rubuta launinsa da girmansa, misali ƙarami, rawaya, sannan ka kawo aji mu tambayi juna. Kada ka ƙirƙiro masa suna.

A nan zan yi magana da babbar murya. Makon da ya wuce na karɓi littattafai, na tarar da yawancinsu cike da sunaye amma gida na farko babu kome, bayan duk bayanin da aka yi. Ku ba yara ba ne, cikinku akwai masu jikoki, akwai masu riƙe lissafin bashin kasuwa a ka ba tare da kuskuren kwabo ba. Lamba biyu da ɗan layi ba za su gagare ku ba, sai dai idan ba ku ɗauki abin da muhimmanci ba. Daga yau littafin da ba shi da kwanan wata zan mayar wa mai shi ba tare da na duba ba. Rana a gaba, wata a baya.

Darasi na 4: Ƙirga

Tsuntsu ba ya tsayawa a ƙirga shi, saboda haka kada ka tsaya neman yadda ake rubuta lamba. Ka ja ɗan gajeren layi ɗaya a gefen shafi domin kowane tsuntsu, idan sun kai huɗu ka ja na biyar a kansu a gicciye. Bayan sun tashi ka ƙirga ɗaurin biyar-biyar, ka rubuta jimla a gida na huɗu. Ayarin balbela da yamma ya fi ƙarfin wannan hanya, sai ka rubuta “da yawa” a gidan adadi. Ka duba gida na farko kafin ka rufe littafin.

Darasi na 5: Sauran dabbobi

Haka za ka yi wa ƙadangare da tsaka da kurege da bushiya. Namijin ƙadangare, wato jan gwada, shi ne mai jan kai. Jemage yana tashi amma ba tsuntsu ba ne, domin haihuwa yake yi kuma yana shayarwa, sai ka ba shi shafin dabbobi.

Aikin gida

Ka cika layi bakwai cikin kwana bakwai, kowanne da kwanan watansa, ka kawo littafin aji mako mai zuwa.