Kurakuran sababbin masu yawon Turai da mota mai ɗaki

Na gaji da kiran tsakar dare. Duk hutun bazara sai wani ɗan'uwa ya yi hayar mota mai ɗaki, wadda Faransawa ke kira camping-car, ya kwashi iyali, bayan kwana biyu ya bugo mini yana salati.

Babbar masifar ita ce tsayi. Motar nan kan kai mita 3, wata ma ta zarce, amma direba yana zaune a ciki da tunanin ƙaramar motarsa ta zuwa aiki. Ni ma ta ci ni. A wani ƙauye a kudancin Faransa na bi muryar taswirar waya kamar makaho da ɗan jagora. Ta ce in karya dama, na karya, sai ga tsohuwar gadar jirgin ƙasa. Allon yana nan, da jan zobensa, an rubuta 2,8 m. Wallahi na gan shi da idona! Ƙarar da ta biyo baya har yau tana kunnena. Murfin tagar rufi ya faɗo kan kwalta, yara suka fasa kuka, uwargida ko uffan ba ta ce ba, wanda ya fi zagi ciwo. Masu hayar suka riƙe kuɗin ajiyata kaf, wai inshorar da na saya ba ruwanta da ɓarnar rufi. Tun daga ranar, kafin in tayar da inji nake rubuta tsayi da faɗin motar a takarda, in ƙara santimita 10, in manna kusa da sitiyari. Ku yi dariya in kun so.

Sai lodi. Lasin tuƙi na ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500, har da ku da kayanku. Lita 100 ta ruwa kilo 100 ce. Amma sai mutum ya cika tanki, ya ɗora buhun shinkafa da jarkar manja da tukunyar biki. Malam, hijira za ka yi? Akwai shinkafa a Italiya. Ni rabin tanki nake tafiya da shi, in ƙara a masauki.

Masaukan ƙauye kuwa, aire a Faransa, Stellplatz a Jamus, wuraren ajiye mota ne a kwana, ba tsakar gidanku ba. Kada ka buɗe rumfa, ka baza kujeru, ka shanya wanki, ka hura gawayi. Irin wannan ke sa hukumar ƙauye ta gaji ta kafa ƙarfen da ke hana motoci masu tsayi shiga a ƙofa, kowa ya rasa. Kuma don Allah ku lura da famfo: a wurin zubar da ƙazanta yawanci biyu ne, ɗaya na sha, ɗaya na ɗauraye akwatin bayan gida. Na taɓa tarar da wani bawan Allah yana cika butar alwala a na biyun. Da ƙyar na iya gaya masa.

Gonakin tsarin France Passion, inda manoman Faransa ke karɓar masu mota mai ɗaki, kyauta ake kwana, awa 24, amma sai ka yi rajista, kuma ka zo da ruwanka da bayan gidanka. Ka gaida mai gona, ka sayi cuku ko zuma ko da ba dole.

In a Jamus ka ɗauko motar, tukunyar gas ta can ba a musanya ta a Faransa ko Sifaniya, bakinsu ma daban, don haka ka fito da cikakku biyu. Wasu biranen Faransa na neman sitikar Crit'Air mai nuna matakin hayaƙin mota, na Jamus kuma irinta koriya. A Sifaniya gasolina fetur ne, dizal shi ne gasóleo. Kada ka kwana a wurin hutawa na babbar hanya, can ɓarayi ke kiwo. Ka isa masauki kafin la'asar, in ba haka ba ka tarar ya cika. In Lahadi za ta same ka a ƙauyen Jamus, sayi burodinka tun Asabar, don yawancin shaguna a rufe suke ranar Lahadi.